Gida naka, fenti sai da izini: tambayoyi da amsoshi kan kwamitin duba gyaran gida a unguwannin Amurka

Wanda ya tashi a Kano ko Zariya ko Maraɗi ya san cewa idan gida naka ne, ƙara ɗaki ko ɗaga katanga magana ce tsakaninka da magini da aljihunka, sai fa takardar hukumar tsara birni. Shi ya sa 'yan uwanmu da suka sayi gidaje a sababbin unguwannin Houston da Dallas da Atlanta da Maryland kan sha mamaki ranar da wasiƙa ta iso daga HOA, ƙungiyar masu gidajen unguwar, cewa fentin ƙofar da suka canza ya saɓa wa ƙa'ida, a mayar da shi yadda yake ko a biya tara. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan wannan lamari. Dokoki sun bambanta daga jiha zuwa jiha, don haka duk inda na ambaci doka zan faɗi ta wace jiha ce.

Wace ce HOA, kuma wa ya ba ta iko a kan gidan da na saya da gumina?

Kai ka ba ta, ranar da ka sa hannu. HOA ƙungiya ce ta masu gidajen unguwa ɗaya. Kamfanin da ya yanka filaye ya gina unguwar shi ke kafa ta, ya rubuta wani kundin sharuɗɗa da ake kira CC&Rs, ya kai ofishin rajistar filaye na ƙaramar hukuma a adana. Daga nan sharuɗɗan sun manne wa filin kansa. Duk wanda ya sayi gidan ya saye su tare da shi, ko ya karanta ko bai karanta ba, kuma zama mamba dole ne, ba ganin dama ba. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Abin ba ƙarami ba ne. Ƙididdigar cibiyar Community Associations Institute ta nuna akwai irin waɗannan ƙungiyoyi sama da 350,000 a Amurka, kuma mutum fiye da miliyan 70 ne ke zaune a ƙarƙashinsu. Garuruwa sukutum kamar Reston a Virginia da Columbia a Maryland a kan wannan tsari aka kafa su a shekarun 1960. Dalilin da ake bayarwa shi ne kare darajar gidaje: idan maƙwabcinka ya shafe gidansa da shuɗi mai kashe ido ya jibge matattun motoci a gaba, farashin naka ma zai faɗi. Akwai gaskiya a ciki, akwai kuma wuce gona da iri, ya danganta da mutanen da ke riƙe da ragamar.

Su wane ne a kwamitin ƙungiya da ke duba takardun neman izinin gyara?

Yawanci maƙwabtanka ne, mutum uku zuwa biyar, masu aikin sa kai da shugabannin ƙungiya suka naɗa. Za ka ga ana rubuta sunan kwamitin ARC ko ACC. Ba lallai a samu mai zanen gini ko injiniya a cikinsu ba. Idan unguwar sabuwa ce kuma kamfanin bai gama sayar da gidajensa ba, shi ne ke riƙe da kwamitin. Kamfanin da ƙungiya ta ɗauka haya don gudanar da harkokinta kuwa karɓar takardu da aika wasiƙu ne aikinsa, don haka kada ka ɓata numfashinka wajen yi wa ma'aikaciyar da ta ɗauki waya faɗa. Ba ita ta yanke hukuncin ba.

A Texas, dokar 2021 ta hana unguwar da ta haura filaye 40 sa ɗaya daga cikin shugabannin ƙungiya ko matarsa ko wani ɗan gidansa a wannan kwamiti, da zarar kamfanin da ya gina ta ya miƙa ragama. Hikimar a fili take: wanda ya ƙi takardarka kada ya zama shi ne zai saurari ƙorafinka.

Wane irin aiki ne sai da izini?

Ɗauki wannan ma'auni: duk abin da mai wucewa a titi ko maƙwabci daga tagarsa zai gani. Fentin waje, rufin gida, tagogi, ƙofar gaba da ta gareji, shinge, rumfar baya, ɗakin ajiya na tsakar gida, wurin ninkaya, faɗaɗa hanyar mota, sare babbar bishiya, har lilon yara. Wasu unguwannin ko launin da ke jikin gidan za ka maimaita sai ka sanar. Cikin gida kuwa naka ne, ka fasa kicin ka sake. Sai dai idan a bene mai gidaje da yawa kake, inda bango da bututun ruwa na tarayya ne. A can ko cire kafet a sa tayil yakan buƙaci izini, saboda ƙarar takun da na ƙasa zai riƙa ji.

Ina son katanga mai tsayi don iyalina su sake a tsakar gida. Za su yarda?

Nan ne al'adarmu da tasu suka fi cin karo. A wurinmu gida ba ya cika gida sai da katanga da zaure, mace ta fito tsakar gida ba mayafi ba mai ganinta. Su kuwa unguwar da suke so ita ce wadda za ka tsaya a bakin titi ka ga ciyawar gaban gidaje ta miƙe ba abin da ya raba ta. Saboda haka a yawancin unguwanni shingen gaba haramun ne ko kuma gajere ƙwarai, na baya kuma ba ya wuce ƙafa shida, na katako ko roba ko ƙarfe, da launin da aka ƙayyade. Katangar bulo mai ƙafa tara da waya mai ƙaya a sama, irin ta Nasarawa GRA, kada ma ka ɓata takarda.

Amma akwai dabaru da ke shiga cikin ƙa'ida. Nemi shingen katako marar rata, wanda allunansa ke hawa kan juna, a iyakar tsayin da aka yarda. Daga ciki ka jera bishiyoyin da ba sa zubar da ganye, waɗanda cikin 'yan shekaru za su zarce shingen. Sannan ka nemi izinin rumfa mai rufi a jikin gida ta baya, a sa mata labule ko raga. Abubuwan nan uku tare suna ba da sutura fiye da yadda mutum zai zata. Matsalar da ba ta da magani ita ce maƙwabci mai bene wanda tagarsa ke kallon tsakar gidanka. Wannan tun wajen zaɓen gida ake lura da shi, kuma na ga mutane da yawa sun shagala da girman kicin sun manta su fita baya su ɗaga kai.

Mazauna Texas suna da ɗan sauƙi: dokar jihar ta 2021 ta hana ƙungiya haramta kayan tsaro kamar kyamara da shingen kewaye gida, ko da yake ta bar mata ikon tsara irin shingen da za a yi.

Me zan haɗa a takardar neman izini?

Cike fom ɗin ƙungiya, sannan ka haɗa taswirar filinka da aka ba ka ranar saye, ka zana inda aikin zai zauna da tazararsa daga iyaka. Sa tsayi da faɗi, irin kayan aiki, sunan fenti da lambarsa, hoton wurin yadda yake yanzu, hoton irin abin da kake so, sunan ɗan kwangila, da ranar farawa da gamawa. Wasu na neman sa hannun maƙwabta, wanda galibi shaida ce cewa an sanar da su, ba wai sai sun yarda ba.

Mafi yawan takardun da ake mayarwa ba don aikin ya yi muni ba ne, don bayanin bai cika ba ne. "Zan yi shinge mai kyau" ba bayani ba ne. Kuma ka ajiye shaidar ranar da ka miƙa, don daga ranar ake fara ƙirga kwanaki.

Kwana nawa zan jira? Idan suka yi shiru fa?

Kundin unguwarku ne zai faɗa. Kwana 30 zuwa 60 aka fi gani. Maganar shiru kuwa a yi hattara da ita. Wasu kundayen sun ce idan wa'adi ya cika ba amsa an amince ke nan, wasu kuma sun ce an ƙi ke nan. Kada ka ɗauki karin maganarmu ta "shiru ma amsa ce" ka kira magina. Nemo sakin layin ka karanta da idonka. A California doka ta yanke magana a kan wasu ayyuka: takardar sola idan ta kwana 45 ba a ƙi ta a rubuce ba ta wuce, ta wurin cajin mota mai lantarki kuma kwana 60.

Wani abin kuma: shugaban ƙungiya ya tare ka a bakin akwatin wasiƙu ya ce "ai ba komai, yi abinka", wannan ba izini ba ne. Baɗi za a zaɓi wani, shi kuma takarda zai tambaya.

Hukumar birni ta ba ni takardar gini. Ba ta wadatar ba?

Ba ta wadatar ba. Ƙofofi biyu ne daban. Birni na duba ko ginin zai tsaya, ko wayar lantarki ba za ta ta da gobara ba. Ƙungiya na duba ko ya dace da fasalin unguwa. Kowanne zai iya yarda ɗayan ya ƙi. Wanda ya taɓa gini a wani rukunin gidaje na Abuja ya san irinsa: takardar sashen kula da gine-gine daban, amincewar masu rukunin daban. Fara da ƙungiya, don kada ka biya kuɗin takardar birni a kan zanen da za a sa ka canza. Kafin a haƙa rami kuma a kira lambar waya 811, su zo kyauta su yi alamar inda bututun gas da wayoyi suka bi.

Maƙwabcina ya yi irin abin da aka hana ni, ba wanda ya ce masa uffan.

Wataƙila ya yi nasa kafin a kafa ƙa'idar, ko an yi masa sassauci na musamman saboda yanayin filinsa, ko ana can ana cinsa tara ba ka sani ba. Idan kuwa ba ko ɗaya, to kana da hujja. Kotunan Amurka ba sa son ƙungiyar da ke zartar da doka a kan wani ta kau da kai ga wani, kuma ƙa'idar da aka daɗe ana take ta ba a magana tana iya rasa ƙarfinta. Ɗauki hotuna daga titi, rubuta lambobin gidajen, ka gabatar. Shawarata ita ce ka gabatar da su a matsayin misalin abin da aka saba yarda da shi, kada ya zama ƙara ka kai. Maƙwabcin nan shi za ka bar wa amanar gida ranar da za ka tafi hutun sallah.

An ƙi takardata. Sai me?

Nemi dalili a rubuce, da lambar sashen da aka dogara da shi. A California dokar Davis-Stirling, wadda ke tsara waɗannan ƙungiyoyi tun 1985, ta wajabta hukunci ya zo a rubuce, da dalilin ƙi, da bayanin yadda za a nemi sake dubawa, kuma ta ce dole a yi shi da gaskiya ba da son rai ba. A Texas kana da kwana 30 daga ranar da aka aiko maka sanarwa ka nemi zama da shugabannin ƙungiya. Florida kuma ta taƙaita ikon kwamiti ga abin da kundin ya faɗa ko ya nuna.

Sau da yawa gyara kaɗan ke warware magana: rage ƙafa ɗaya, matsar da ɗakin ajiya bayan gida, canza launi. Ka tambaye su kai tsaye, me zan canza ku yarda? Idan abu ya ci tura akwai masu sulhu, wasu jihohin ma sai an bi ta kansu kafin kotu. Kotu ita ce ta ƙarshe, kuma ka sani kundaye da yawa sun ce wanda ya faɗi shi zai biya lauyan wanda ya yi nasara. Rigimar shingen dala dubu uku tana iya cinye ninkinsa sau goma.

Akwai abin da ba su da ikon hanawa ko da kundin ya hana?

Akwai, domin dokar tarayya da ta jiha suna gaba da kundin unguwa.

Farantin tauraron ɗan adam shi ne na farko. Ƙa'idar hukumar sadarwa ta FCC ta 1996 ta ce farantin da faɗinsa bai wuce mita 1 ba kana da damar kafa shi a wurin da yake naka kai kaɗai. Za su iya cewa ka sa a baya, amma ba idan hakan zai hana shi kama tasha ko ya ƙara maka kuɗi mai yawa ba. Tutar Amurka ma dokar da aka sa wa hannu a 2006 ta kare ta. Ban da tutar Najeriya ko Nijar, wannan sai abin da kundin ya ce.

Sola magana ce ta jiha. California ta kare ta tun 1978, Florida da Texas da wasu jihohi da dama sun bi. Har yanzu sai ka miƙa takarda, kuma suna iya magana a kan inda za a ɗora, amma ba za su ce a'a kawai ba. Texas ta kare har janaretan da ake girkawa dindindin a gefen gida, abin da mutane suka san darajarsa bayan sanyin Fabrairun 2021 da ya bar miliyoyi ba wuta. Wa ya ce sai a gida ake ɗauke wuta?

Sai naƙasa. Dokar adalci a harkar gidaje ta 1968, bayan gyaran 1988, ta ce dole a bar mai naƙasa ya yi gyaran da yake buƙata da kuɗinsa. Idan ka ɗauko Hajiya daga gida kuma keken guragu take amfani da shi, ba su da ikon hana ka gina gangara a ƙofa don kawai ta ɓata fasalin gaban gida. Rubuta a takardar cewa saboda naƙasa ne, don a duba ta a wannan ma'auni.

Na rataya allon Bismillah a ƙofa, an ce in cire.

Duba jiharka. Texas ta fara kare alamar addini a jikin ƙofa a 2011, ta faɗaɗa kariyar zuwa ko'ina a filin mutum a 2021. California ta kare ta a ƙofa da dogaranta, muddin ba ta wuce inci 36 da 12 ba. Yahudawa ne suka share wannan hanya, saboda ɗan ƙaramin kwanson ayoyin da suke maƙalawa a dogaran ƙofa. Wata shari'a da ta taso daga wani bene a Chicago, inda aka riƙa cire wa wani iyali nasu, ta kai kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya, wadda a 2009 ta ce suna da damar neman haƙƙinsu ƙarƙashin dokar gidaje.

A ko'ina cikin ƙasar dokar 1968 ta hana wariya saboda launin fata, addini ko asalin ƙasa. Idan ana barin fitilun Kirsimeti wata guda amma an aiko maka wasiƙa a kan fitilun azumi, nemi a nuna maka ƙa'idar, kuma kana iya kai kuka ma'aikatar gidaje ta HUD. Kariyar nan tana da tarihi: kafin hukuncin Kotun Ƙoli na 1948 a shari'ar Shelley da Kraemer, da irin waɗannan kundaye ake hana baƙar fata sayen gida a unguwanni da yawa. Amma in faɗi gaskiya, ba kowace wasiƙa ce wariya ba. Wani lokacin kwandon shararka ne ya kwana uku a waje.

Zan iya shuka kuɓewa da yakuwa? Shanya fa? Ragon layya fa?

Lambu a bayan gida da wuya ya zama matsala, California ma ta kare shi da doka. A gaban gida ne ake samun tirjiya. Igiyar shanya unguwanni da yawa sun hana, amma Florida da California na cikin jihohin da suka hana a hana. Rago kuwa, Alhaji, bar maganar. Kusan kowane kundi ya haramta dabbobin kiwo, birni ma yana da tasa dokar a kan yanka. Je gona ko mayankar halal a yanka a kawo maka nama.

Ina so in mai da gareji falon baƙi, ko in gina ɗan ɗaki a baya.

Gareji yakan yi wuya, domin kundaye da yawa sun ce wurin mota ne, don kada motoci su cika titi. Shimfiɗa darduma ka sa kujeru ba tare da taɓa ƙofar ba wani abu ne, toshe ƙofar da bango kuma wani abu ne daban da ke buƙatar izinin ƙungiya da na birni. Ƙaramin gida a baya, a California tun 2020 ƙungiya ba ta da ikon haramta shi a filin gida mai zaman kansa. A sauran wurare sai an duba.

Na riga na yi aikin ba izini. Mene ne mafi munin abin da zai faru?

Wasiƙar gargaɗi, sannan gayyata ka kare kanka, sannan tara. A Florida tarar ba ta wuce dala 100 a kowane laifi, jimillarta dala 1,000, sai in kundin ya ce wani abu daban. Suna iya hana ka shiga wurin ninkaya da zauren taro, ko su je kotu a umarce ka ka rushe da kuɗinka. A wasu jihohi bashin kan zama tambari a kan takardar gidan, wanda sai an biya kafin a sayar.

Kada ka daina biyan kuɗin wata da masu gidaje ke biyan ƙungiya don fushi. Bashin kuɗin wata shi ne ke kai wa ga gwanjon gida, kuma ka mayar da rigimar da kake da hujja a kai zuwa wadda ba ka da ko ɗaya. Miƙa takardar neman izini yanzu, ka ce kuskure ne. Idan aikin ya dace da ƙa'ida galibi ana amincewa, wani lokacin har a yafe tarar.

Ban sayi gidan ba tukuna. Me zan duba?

Karɓi kundin da littafin ƙa'idojin gyara tun kafin wa'adin janyewa daga cinikin ya ƙare, ka karanta sassan shinge, gareji, haya da ajiye motoci, musamman idan motar aiki gare ka mai rubutu a jiki. Nemi takardar da ƙungiya ke bayarwa lokacin saye, wadda ke nuna bashi da laifuffukan da ke kan gidan, domin rumfar da mai gidan na baya ya kafa ba izini kai za ka gaje ta da rigimarta. Karanta bayanan zaman shugabanni na shekara guda, a nan za ka gane ko mutanen kirki ne ko masu yawo da ma'auni suna auna ciyawa. Idan haya kake, mai gidan ne zai miƙa takarda, ba kai ba.

Ana iya canza ƙa'idar?

Ana iyawa. Littafin ƙa'idojin gyara yawanci shugabanni ke canza shi a zamansu. Kundin asali kuwa sai da ƙuri'ar masu gidaje, sau da yawa kashi biyu cikin uku ko kashi 75 cikin 100, sannan a sake kai shi rajista. Wahalar ita ce tara mutane, don taron shekara yakan watse saboda ba a cika adadi ba. Kujerun kwamitin duba gyara ma sukan zauna ba kowa, ana roƙon mai so ya fito. Abin da ake nema a yawancin unguwanni shi ne ka zama mai gida, ba ka da bashin ƙungiya, kuma za ka iya ba da yamma ɗaya a wata.